Daga Galma zuwa ruwan gishiri: littafin shirin cin rani

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Yau na buɗe wannan littafi don in riƙa ajiye lissafin aikin da na ɗauko. Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, ya yi shekara da shekaru a gefen Ikorodu yana bandar kifi, yana kuma shiga ruwa tare da maƙwabtansa masunta 'yan ƙabilun Ilaje da Egun. Yanzu gwiwa ta fara damunsa, yana neman na gida da zai riƙa zuwa cin rani ya kama masa. Da aka zauna shawara ni aka nuna, tunda ni ke da rumfar banda a kasuwar Sabon Garin Zariya, kuma tun ina yaro ba a raba ni da fatsa a bakin kogin Galma.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mini a waya: "Ɗana, kada ka hau mota sai birgi ya buɗe a hannunka. Ruwan nan ba ya tsayawa jiran mai koyo."

Ruwan da yake nufi shi ne babban tafkin Legas, wanda gadar Third Mainland ta bi ta kansa. Yana haɗe da teku ta mashigar jiragen ruwa, saboda haka gishiri na shiga yana fita. Yawancinsa ba zurfi, in ka cire hanyoyin da aka haƙe wa jirage. Gefe-gefensa shimfiɗar yashi ce da taɓo, ruwa iya gwiwa zuwa ƙugu, kuma a nan Kawu ke su, ko da ƙafa ko a ƙaramin kwale-kwale da ake turawa da gwangwala. Shirina shi ne in koyi birgi, wato ragar da ake jefawa da hannu, a Galma cikin sanyin nan, in je a Fabrairu in gwada, in dawo kafin azumi. Abin da idona ya gani shi zai yanke ko baɗi zan tafi rani gaba ɗaya.

Laraba, 11 ga Disamba

Na karɓo birgi a wajen wani dattijon masunci a Dakace da nake kira Baba, shi ne kuma zai koya mini. Raga da zare naira 14,000, darma kilo uku naira 13,500, ladan haɗawa naira 8,000. Raga mai ido faɗin yatsa biyu ya zaɓa. Na so mai yatsa uku don manyan kifi, ya ce a'a, a ruwan da bai kai ƙugu ba matsakaicin kifi ne abincin yau da gobe.

Lahadi, 15 ga Disamba

Darasin farko ba a ruwa aka yi shi ba. Baba ya kai ni filin ƙwallon yara, ya ce sai ƙasa ta shaide ni kafin ruwa. Igiya a wuyan hannun hagu, a naɗe ta zobe-zobe, a kama ragar a daidai ƙugu, a ɗora wani ɓangare na bakin darmar a kafaɗa, sauran a raba tsakanin hannu biyu. Jifan kuwa daga ƙugu yake fitowa, hannu rakiya kawai yake yi. Wasu na riƙe bakin ragar da haƙori, shi ya hana ni, ya ce darma guba ce, ba abin sa wa a baki ba ne. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

In ya jefa, ragar ta buɗe cikakkiyar da'ira ta sauka lokaci guda. Tawa kuwa rabi take buɗewa, rabi ya dunƙule. Kafaɗa ta yi tsami sosai.

Juma'a, 20 ga Disamba

Atisaye a fili kullum bayan sallar asuba, kafin in buɗe rumfa. Ta fara buɗewa.

Asabar, 28 ga Disamba

Makon nan muka shiga ruwa, a wata lanƙwasa ƙasa da gadar hanyar Jos inda Galma ya baje ya zama iya gwiwa. Na dage mu fita da sassafe, don haka na saba da fatsa lokacin zafi. Baba bai yi musu ba, ya biyo ni. Hazo ya rufe ko'ina, iskar hunturu na yanka kunne, ruwan kuwa in ka sa ƙafa sai ka ji har cikin ƙashi. Muka yi ta jifa har rana ta ɗaga, ban da ganye da ƙananan kawara ba abin da ya shigo.

Da muka fito muna jin ɗumi a wutar kara ta masu lambu, sai ya buɗe mini karatun. Ruwa mara zurfi shi ke fara yin sanyi da dare, shi ne kuma ke fara ɗumi da rana. Cikin hunturu karfasa takan kwana a gurbi mai zurfi, jikinta a mace, ba ta cin komai. Sai rana ta doki gefen da ƙasansa baƙin taɓo ne, don baƙi ya fi farin yashi riƙe zafi, sannan take hawowa kiwo. Ya ce, "Yaro, a sanyi kifi ba ya sammako. Ka je ka buɗe rumfarka, mu haɗu bayan azahar."

Bayan azahar ɗin na koma. Wuri ɗaya ne, amma ka ce an canja shi. Ya tsayar da ni ya nuna mini da haɓa: ɗan hayaƙin taɓo na tashi a ƙasan ruwa nan da can, alamar ana tonon abinci. Ya hana ni tsayawa inda inuwata za ta faɗa kansu, ya hana ni ɗaga ƙafa sama, ya ce ja ake yi a hankali don kada ruwa ya yi magana. Jifana na farko ya sauka a tsakiyarsu, suka watse tun raga na sama. Kifi na ganinka, mai jar koma. A ɗan gabansu ake jefawa, ta inda suka fuskanta, kuma a ƙasa-ƙasa, kada ragar ta yi tsalle sama ta yi musu inuwa. Mun tashi da karfasa rabin bokiti da tarwaɗa biyu. Mafi yawa hannun Baba ne ya kama, amma akwai nawa a ciki.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Birgi ya yage. Ruwa ya ƙara ja baya saboda injinan ban-ruwa sun yi yawa a fadama, masu tumatir da albasa kowa na zuƙa, sai abubuwan da ke kwance a ƙasa suka matso kusa. Ragar ta sauka kan reshen ƙaya da aka jefa tun damina, ya riƙe ta ta wuri uku. Baba ya ce kada a ja, a shiga a kwance da hannu. Mun kwance biyu, na ukun ya tafi da kusan kamu biyu na raga har da darma shida. Gyara naira 4,000, kuma sai jibi zan karɓa.

Abin da ya fi yagewar ɓata mini rai shi ne abin da muka tarar a wani gurbi can sama: ƙananan kifaye birjik sun juya ciki, har da 'yan mitsi-mitsin da ba su kai yatsa ba. Wani ne ya zuba magani da dare. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya, amma ko babu doka, wannan zalunci ne. Ruwan nan shi mutane ke wanka da shi, shi dabbobi ke sha, kuma kifin a kasuwa zai ƙare, a tukunyar wani bawan Allah. Baba ya ce zai kai maganar gaban Sarkin Ruwa.

Talata, 14 ga Janairu

Daren jiya wata ya cika, 14 ga Rajab ke nan yau. Kawu ya kira ni bayan isha'i, ya ce in fita tsakar gida in dubi sama, wai darasina na biyu ke nan.

Ga abin da na fahimta, na kuma duba na tabbatar. Galma sau ɗaya yake cika a shekara, ya tumbatsa a Agusta da Satumba, ya janye da rani. Ruwan da ke haɗe da teku kuwa sau biyu yake kawowa, sau biyu yake janyewa, a cikin kwana ɗaya da kusan minti 50. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da 'yan mintuna. Saboda wancan minti 50 ɗin, kullum lokacin sai ya matsa gaba: in yau ya cika da hantsi, bayan mako guda sai wajen la'asar. Jan da wata ke yi wa ruwa ne ke yin wannan, rana na taimaka masa. In suka daidaita a layi ɗaya, wato tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, sai a sami babban ruwa, ya hau sosai ya sauka sosai, yawanci kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Wajen 7 da 22 ga wata kuwa ƙaramin ruwa ne, da ƙyar yake motsi. Abin ya yi mini daɗi, domin lissafin watan Musulunci da muke yi don azumi da salla shi ne dai lissafin masuncin bakin teku. Ba sai na koyi sabuwar kalanda ba.

A Legas bambancin cika da janyewa bai cika wuce mita ɗaya ba ko a bakin teku, a cikin tafki kuma bai kai haka ba. Na ce, "Kawu, ai wannan ba wani abu ba ne." Ya ce a shimfiɗar da ruwanta iya gwiwa ne, kamu ɗaya shi ne tsakanin akwai kifi da babu.

Na sauke manhajar lokutan ruwa a waya. Na kuma haɗa ruwan teku na gwaji: giram 35 na gishiri a lita ɗaya, kusan cokalin cin abinci biyu ke nan. Yara suka ɗanɗana suka tofar. Na jiƙa ƙugiya iri biyu a ciki, na tsame na rataye ba tare da ɗauraya ba: baƙar da muke saye a nan, kwali naira 2,000, da fara mara tsatsa da na samo a Kaduna, naira 6,500.

Alhamis, 23 ga Janairu

Baƙar ƙugiya ta yi ja, bakinta ya dakushe. Farar tana nan yadda take. Ita zan tafi da ita. Na sayi zaren fatsa naira 3,000 da takalmin roba mai rufe ƙafa naira 5,000, don Kawu ya ce akwai ɓawon kawa mai yanka da fasassun kwalabe.

Birgi yanzu yana buɗewa ko ina tsaye cikin ruwa iya ƙugu. In iska na busowa ta gaba ne har yanzu yake naɗewa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Jiya Sha'aban ya kama. Na bar wa ƙanena rumfa, na yi sallama da Baba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya ba da sa'a. In ka je ka zama baƙo, ido da kunne." Kuɗin mota naira 38,000. Gobe in Allah ya kai mu.

Talata, 4 ga Fabrairu, Ikorodu

Mun iso lafiya, jiki duk ya yi la'asar. Gani ya kori ji. Ban taɓa tsayawa gaban ruwan da ba na hango ƙarshensa sosai ba sai yau. Na ɗiba da hannu na taɓa a harshe: akwai gishiri, amma bai kai na kwalbar da na haɗa a gida ba, domin nan kusa kogin Ogun ke zubowa yana surka shi.

Bakin gaɓa duk tarin ruɓaɓɓiyar kainuwa ce, irin mai furen nan shuɗi-shuɗi. Kawu ya ce ita ce alamarsu ta farko. Da damina, in ruwan daɗi ya rinjayi tafkin, takan rufe hanya har kwale-kwale ya kasa wucewa. In rani ya shiga gishiri ya hawo, sai ta mutu. Mutuwarta na nufin kifin teku ya fara shigowa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

7 ga Sha'aban, ƙaramin ruwa, kuma na ga abin da ake nufi da shi.

Manhajar waya ta nuna ruwa zai fara kawowa tun da asuba. Na shirya, na tsaya bakin gaɓa, Kawu kuwa yana zaune yana shan kokonsa hankali kwance. Ruwa bai motsa ba sai da rana ta fito sosai. Ashe lissafin wayar na bakin mashigar teku ne. Kafin ruwan ya kutso ta wannan ƙaramar ƙofa ya bazu ya iso wannan lungu, ya makara da awanni, ƙarfinsa ma ya ragu. Kawu ba ya duba waya. Akwai wani turke da ya kafa a taɓo, ya yi masa tsaga-tsaga da wuƙa, shi yake kallo, sai kuma ganyen da ke yawo, ya ga ina ya nufa. Na fara rubuta tazarar da ke tsakanin waya da turke, don in san nawa zan riƙa ƙarawa.

Mun shiga da hantsi. Ruwa a kwance, ba ya tafiya ba ya dawowa. Kawu ya ce shimfiɗar nan kasuwa ce, in ruwa ya kawo ta ci, in ya janye ta tashi, yau kuwa ba ranar kasuwa ba ce. In ruwa na hawa yakan rufe taɓon da ya sha rana, jatan lande da ƙananan ƙaguwa da tsutsa su fito, ƙananan kifi su biyo su, manya su biyo ƙanana. In ba motsi, kowa na zaune inda yake. Mun samo 'yar karfasa mai baƙin haɓa da ƙaguwa masu shuɗin ƙafa, waɗanda suka cukuikuye raga har sai da muka ɓata lokaci muna ɓanɓare su. Abin miya dai.

Wani abu da ya ba ni mamaki: na buɗe bakin wata karfasa na ga ƙwai cike. Na ce uwa ce. Kawu ya ce a wannan irin namiji ne ke ɗaukar ƙwai a baki, ba kamar tamu ta Galma da mace ke yi ba. Ya karɓa ya mayar da shi ruwa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ranar ba ta yi daɗi ba. Ɗan maƙwabcin Kawu, yaro ne da bai wuce sha biyar ba, ya taka kunamar ruwa. Faffaɗan kifi ne da ke binne kansa a yashi, da ƙaya mai dafi a wutsiya. Yaron ya diro daga kwale-kwale ne da ƙafa biyu, ta sare shi a idon sawu. Ihun da ya yi har yanzu yana kunnena. Aka fito da shi a guje, matan suka dafa ruwa, aka tsoma ƙafar a ruwan zafi iya yadda fata za ta jure, ana ƙarawa in ya huce. Zafi ne ke karya dafin. Sai da aka fi awa guda kafin ya daina kuka, sannan aka kai shi asibiti a duba ko guntun ƙaya ya saura, a yi masa allurar tetanus.

Jan ƙafar da Baba ya koya mini don kada kifi ya ji ni, a nan kariya ce. In kana ja, za ka zungure ta ta gefe ta gudu. In ka ɗaga ka taka ne take sara.

Haɗari na biyu ramuka ne. Masu haƙar yashi sun yi wa ƙasan tafkin illa, kana tafiya iya gwiwa sai kawai ƙasa ta ɓace. Mai birgi kuma igiya na ɗaure a hannunsa, ga kilo uku na darma. Kawu ya sa na sassauta zoben igiyar yadda zan iya zare hannu nan take, kuma ba na wuce inda gwangwalarsa ta taɓa. Inda ruwa ya yi duhu fiye da kewayensa, a kauce.

Da yamma iska ta taso daga teku ta dama ruwan, ba a ganin komai. Mun nemi gefen da itatuwan bakin ruwa suka tare iskar, muka ɗan taɓa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

14 ga Sha'aban. Wannan ita ce ranar da na zo nema.

Da azahar ruwa ya janye fiye da duk yadda na taɓa gani, taɓo ya fito fili mai faɗi, balbelu da zalɓe suka sauka suna tsince-tsince. Kawu ya ce kada mu ɓata wannan lokaci a zaune. Ya zagaya da ni a ƙafa yana nuna mini 'yan kwaruruwan da ruwa ya bari, inda kawa ta yi tudu, inda tsohon turke yake. Ya ce abin da ka gani yanzu shi za ka tuna in ruwa ya rufe, domin ta waɗannan kwaruruwan kifi ke hawowa, ta nan kuma yake komawa.

Bayan mun yi la'asar ruwa ya juyo. Ba da ƙarfi ba, a hankali yake lasar taɓo, kumfa siririya a gabansa. Muka tsaya a gefen wani kwari, rana ta gefenmu, ba mai magana. Can sai na ga fuskar ruwan ta yi wata 'yar rawa a wuri guda, alhali ba iska. Sai ɗaya ya yi tsalle, fari fat, ya faɗa. Malet ne, garke guda, suna tafe suna kiwon gansakuka a ƙasa. Ba sa kula ƙugiya, sai raga. Kawu ya taɓa gwiwar hannuna ya raɗa, "Bari su wuce turken can. Gabansu, ɗana, ba kansu ba." Zuciyata na bugawa. Na juya ƙugu na saki, ragar ta tafi ƙasa-ƙasa ta buɗe duka. Na bari darma ta zauna, sannan na fara ja a hankali, igiya na karkarwa a hannuna. Da na ɗago, sai walƙiya ko'ina cikin raga. Kawu bai ce komai ba, ya dai miƙo kwando.

Garken malet in an jefa masa sau ɗaya ya watse, sai a matsa gaba a jira wani. Haka muka yi ta bin ruwa yana hawa muna ja da baya har magariba. Mun cika kwando biyu, da bonga kaɗan a ciki. Da muke gyarawa na tsaga cikin malet ɗaya, na tarar da ƙundu mai tauri cike da taɓo da yashi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau fatsa muka gwada a kan janyewar ruwa, da hantsi. Dabarar ta bambanta. In ruwa na sauka, duk abin da ya hau shimfiɗa dole ya sauko ta kwari, manyan kifi kuma sai su tsaya a bakin kwarin suna jira. Muka ɗaure kwale-kwale a gefe, koto jatan lande mai rai, an soke shi ta wutsiya don ya ci gaba da motsi, guntun silifa a sama yana riƙe da shi kada ya nutse cikin taɓo. A saki ruwa ya tafi da shi da kansa.

Obokun biyu suka hau, masu kyau, irin warushen nan namu ne amma sun fi ƙiba, kuma suna da daraja a kasuwar nan. Daga nan wani abu ya fizgi zaren da ƙarfin da ban taɓa ji ba, kafin in tashi tsaye zare ya dawo fayau, a yanke kamar da reza. Barakuda ce. Na sake ɗaurawa, ta sake yankewa, ƙugiyoyi masu tsada suna tafiya. Maƙwabcinmu Ba'ilaje ya matso da jirginsa ya nuna mini nasa: kamu ɗaya na siririyar waya tsakanin ƙugiya da zare. Na saya da yamma, naira 1,500.

Da dare muna gaban banda Kawu ya lissafa mini shekararsu. Daga Disamba zuwa Afrilu gishiri na ƙaruwa, ruwa na washewa, kifin teku na shigowa, lokacin mai birgi da ido ke nan. Maris da Afrilu zafi kan yi yawa, ruwa mara zurfi ya yi ɗumi har kifi ya guje shi da rana, sai a koma sammako da yamma da dare. Yuni da Yuli ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, koguna su kawo ja, gishiri ya gudu, kifin teku ya bi shi. A ɗan sarara a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, lokacin da Ogun ke cika, in an saki ruwan dam ɗin Oyan ma har gidaje yake shiga. Watannin da ya fi bukatata su ne daidai lokacin da kasuwar banda ta Zariya ba ta hana ni motsi.

Laraba, 19 ga Fabrairu, Zariya

Na dawo jiya da dare. Kullum a can ina ɗauraye birgi da ƙugiya da ruwan rijiya, sun dawo lafiya. Wuƙata da zip ɗin jaka kuwa gishiri ya cinye su.

Lissafi: birgi 35,500, gyara 4,000, ƙugiya 8,500, zare 3,000, takalmi 5,000, waya 1,500, mota zuwa da dawowa 78,000, abinci da acaɓa 12,000. Jimla naira 147,500. Kawu ya ba ni kasona 45,000, ya haɗa ni da kwalin banda. Malet ɗin bai saba wa bakin mutanenmu ba, sai da na yi ta bayani ina ba da ɗanɗano, amma obokun da bonga ba su kwana ba. In kwalin ya ƙare zai ba da wajen 60,000. Giɓin 42,500 ke nan, kuma fiye da rabin abin da na kashe mota ce ta ci. Tafiyar mako biyu ba za ta taɓa fitar da kuɗinta ba, sai zaman wata uku ko huɗu.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na kai wa Baba tsarabarsa, muka shiga Galma tare. Sanyi ya karye, karfasa ta fara hawowa tun hantsi, wasu har sun fara share gurbin ƙwai a yashi. Ya tambaye ni labarin turken Kawu har sau biyu, ya ce shi ma zai kafa nasa ya riƙa ganin yadda injinan lambu ke rage ruwa.

Na ba shi aikin birgi na biyu, mai yatsa uku da ƙarin darma don ya riƙa nutsewa da sauri a bakin kwari, na biya kafin alƙalami naira 15,000. Bayan salla zan ci gaba da atisayen jifa cikin iska, sannan in nemi wanda zai koya mini tura kwale-kwale a dam ɗin Shika, don a can Kawu ne ke turawa da gwiwarsa mai ciwo. Zan riƙa ware 10,000 duk wata na kuɗin mota. Mun tsayar da Kawu cewa in Allah ya kai mu zan sauka a Disamba, kwana biyu kafin tsayuwar wata, ƙanena kuma ya amince zai riƙe rumfa har Afrilu.